Amsoshin Wasiƙunku: Kafin A Sayar Da Albasa A Sayi Katin Hoton Kwamfuta

  

Wasiƙar da za mu buɗe fili da ita yau ta fito ne daga Horo Birni, cikin ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato. Wani dattijo ne manomin albasa ya aiko ta, ya kuma roƙi a sakaya sunansa, saboda haka Baba kawai za mu riƙa ce masa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, ɗana ya buɗe shago a Shagari bakin titi, yana buga wa mutane takardu da katin gayyata, yana ɗaukar hoton fasfo. Yanzu kuma ya fara haɗa bidiyon biki da na walimar saukar karatu. Ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, aikin da ya kamata ya ƙare da hantsi sai ya kai shi magariba. Wani mai shago a Sakkwato ya ce masa ya sayi wani kati da ake kira RX 580, wai da an sa shi kwamfutar za ta tashi kamar doki. Kuɗin da ya nema sai na taɓa albasar da na ajiye cikin rudu, ga shi kuwa ba ta yi daraja ba tukuna. Kwamfutar irin siririyar nan ce ta gwanjo mai kwanciya kan tebur, monita na zaune bisanta. Mi ne ne wanga kati? In sayar in ba shi, ko in dakata?"

To Baba, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara girma. Amsa a taƙaice ita ce, ka dakata. Kada ka taɓa albasar nan tukuna. Katin da aka ambata kati ne na ƙwarai, yaronka kuma bai yi maka ƙarya ba da ya ce aiki yana yi masa nauyi. Sai dai bisa ga yadda ka siffanta kwamfutar, wannan kati ba zai shiga cikinta ba, in ma an tilasta shi ya shiga, ba ta da wutar da za ta ciyar da shi. Bari mu bi maganar daki-daki, domin na san akwai iyaye da yawa daga Bodinga har Tambuwal da irin wannan roƙo yake jiransu a gida.

Mene ne katin hoto?

In ka kwance murfin kwamfutar tebur, za ka ga wani faffaɗan allo, kore ko baƙi, shimfiɗe a ciki da ƙananan abubuwa birjik a kansa. Masu gyara suna ce masa madabod. Mu dai bari mu kira shi uwar allo, domin kowane sashe na kwamfutar a jikinsa yake maƙale, kamar yadda kowane komi a fadama yake shan ruwa daga babbar hanyar ruwa guda. A kansa ne furosesa take, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. A kansa ne ake soka RAM, wadda take kamar tabarmar da ake baza aikin da ake kai. Daga gare shi kuma waya ta tafi zuwa faifan ajiya, wanda shi ne rumbun kwamfutar.

To, duk abin da ka gani a fuskar monita, ɗigo-ɗigo ne na launi. A bidiyon da ake yayi yanzu, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, hoto guda yana da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma ana sauya hoton sau 25 ko 30 cikin daƙiƙa ɗaya. Ka ga kuwa aiki ne ja. A kwamfutocin ofis, sashen da ke wannan aiki a cikin furosesa yake zaune, kuma ya ishi mai buga takarda da mai gyara hoton fasfo. Katin hoto, wanda masu gyara ke ce wa girafik, ƙarin hannu ne da ake sayowa daban a soka a jikin uwar allo, yana da tasa ƙwaƙwalwar da tasa fankar. Kamar dai aiki ya yi wa mai gona yawa ya ɗauko ɗan ƙwadago. Amma ɗan ƙwadago sai da wurin zama, sai da abinci. Nan ne gizo ke saƙa.

Manyan kamfanoni uku ne ke ƙera zuciyar yawancin waɗannan katuna, dukkansu na Amurka. Akwai NVIDIA da aka kafa a 1993, akwai AMD wanda ya sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006, sai Intel da ya fito da nasa katunan masu suna Arc a 2022. RX 580 ɗin da aka yi wa yaronka talla na AMD ne, ya fito a 2017.

Abu na farko: ramin da kati zai shiga

Duk mai injin ban-ruwa ya san ba a sayen tiyo sai an san bakin injin, inci 2 ne ko inci 3. Haka nan katin hoto. A jikin uwar allo akwai dogayen ramuka da ake soka kati a ciki. A da can akwai wani farin rami mai suna PCI, wanda ya fito a 1992. Sai aka yi wani mai ruwan ƙasa-ƙasa mai suna AGP a 1997, musamman domin katin hoto. Daga wajen 2004 sai PCI Express ya maye gurbinsu, kuma shi ake amfani da shi har yau. Wanda katin hoto yake so shi ne mafi tsawo a cikinsu, ana ce masa x16. Tsawonsa kimanin santimita 9, kuma yana da ɗan makulli na roba a ƙarshensa.

A nan akwai labari mai daɗi. Shi wannan rami an sha sabunta shi, an yi zubi na 2 a 2007, na 3 a 2010, na 4 a 2017, na 5 a 2019, amma siffar bakinsa ba ta sauya ba. Sabon kati yana shiga tsohon rami ya yi aiki, sai dai ba zai yi cikakken gudunsa ba, kamar sabon babur a hanyar burji. Saboda haka mafi yawan kwamfutocin gwanjo da ke hannun yaranmu, ta wajen rami ba su da matsala. In kuwa aka buɗe aka tarar da AGP, to wannan kwamfuta ta ba shekara 20 baya ko kusa da haka, kada a kashe mata ko sisi. Sa'an nan akwai 'yan mitsi-mitsin nan masu girman littafi, da waɗanda aka haɗe su da monita wuri guda. Su galibi ba su da ramin sam.

Abu na biyu: girman akwatin

Kwamfutar tebur iri biyu ce a kasuwa. Akwai doguwa mai tsayuwa, mai faɗin ciki. Akwai kuma siririya, irin wadda ofisoshi da bankunan Turai da Amurka suke amfani da ita su gama a kwaso a kawo mana, ta kamfanin Dell ko HP ko Lenovo. Taka irin ta biyun ce, Baba.

Kowane kati yana da wani ƙarfe a goshinsa wanda ake ɗaurewa a bayan akwati. Na doguwar kwamfuta tsawon ƙarfen kimanin santimita 12 ne, na siririya kuwa kimanin santimita 8. RX 580 mai dogon ƙarfe ne, yana da kauri har ya cinye gurbin kati biyu, tsawon jikinsa kuma yakan wuce santimita 20. In aka soka shi a siririyar kwamfuta murfi ba zai rufu ba, in ma ya sami wurin kwanciya ke nan. Wasu sukan bar murfin a buɗe su ce ai ga shi ya zauna. A ƙasarmu ta ƙura da ƙwari, barin kwamfuta a buɗe gayyatar lalacewa ne.

Wannan bincike ba ya buƙatar gwani. Rula ta 'yan makaranta ta isa. Yaro ya kashe kwamfuta, ya zare wayar wuta, ya buɗe murfi, ya auna daga bayan akwati zuwa abin da zai fara tokare katin, ya auna tsawon ƙarfen baya, ya rubuta a takarda.

Abu na uku: wuta

Wannan shi ne babba, kuma shi aka fi mantawa da shi. A cikin kwamfuta akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, inda wayar wuta take shiga, masu gyara suna ce masa fawa fak. Shi yake karɓar wutar gari ya rarraba wa kowane sashe gwargwadon cikinsa. A jikinsa akwai takarda manne, an rubuta iyakar ƙarfinsa da lamba, harafin W na biye da ita, wato wat. A siraran kwamfutocin ofis lambar galibi tana tsakanin 180 da 260. Wannan kuwa abincin gidan ne gaba ɗaya, da furosesa da faifai da fankoki.

Shi ramin da ke jikin uwar allo, iyakar abin da yake iya ba kati wat 75 ne, a wasu siraran ma kamfanin ya ƙayyade shi ƙasa da haka. Katin da cinsa ya wuce nan, sai an jawo masa waya ta musamman daga fawa fak. Mai huji 6 tana ƙara wat 75, mai huji 8 tana ƙara 150. To RX 580 shi kaɗai yana cin wat 185, kuma masu shi sun ce a haɗa shi da fawa fak mai wat 500. Ka duba ka gani, Baba. Baƙo guda zai cinye kusan tukunyar gidan duka. Ga shi kuma siraran nan galibi ba su zuwa da waccan waya mai huji 6 ko 8.

A nan sai ka ji wani ya ce ai akwai 'yar wayar jona da ake sayarwa, a ɗebo wuta daga wayar faifai a ba katin. Jama'a, ku yi hattara da wannan dabara. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Wayar faifai ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba, takan yi zafi ta narke, wani lokaci ta tafi da uwar allo, a shagon da ke cike da takarda kuwa kowa ya san abin da tartsatsi yake yi. Wani kuma zai ce a sauya fawa fak ɗin da babba. A doguwar kwamfutar da aka harhaɗa da kayan gama-gari, wannan mai sauƙi ne. A siririyar ofis kuwa, sau da yawa siffar fawa fak ɗin da bakin wayarsa na kamfanin ne shi kaɗai, na kasuwa ba ya hawa.

Abu na huɗu: monita da shekarun kwamfuta

Ka sa yaro ya duba wayar da ta taso daga monita. In kanta shuɗi ne mai allurai 15 da 'yan kusoshi biyu na murɗawa, to VGA ce, tsohon yayi. Katunan da suka fito daga wajen 2016 zuwa yau, in ka ɗebe 'yan ƙanana masu araha, ba su da bakin VGA, sai HDMI da makamantansa. Ke nan sai an sayi ɗan na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA, ko a sauya monita. A sa wannan cikin lissafi tun kafin a bar gida.

Sai kuma shekaru. Kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2012, da yawansu suna da tsohon tsarin tashi da ake kira BIOS, sababbi kuwa UEFI suke da shi. Akan sami sabon kati ya ƙi tashi a kan tsohon tsarin, fanka na juyawa amma monita baƙi ƙirin. Haka nan kowane kati yana da manhajar da ke tuƙa shi, wadda ake ce wa direba, kuma sababbin katuna ba a yi musu direban Windows 7 ba. Ita Windows 7 kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, Windows 10 ma ya janye mata kulawar yau da kullum a Oktoban 2025. Don sanin sunan kwamfuta da lambarta, a duba takardar da ke manne a jikin akwati, ko a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta msinfo32, duk bayanin zai fito.

Shin katin ne ma maganin?

Baba, ko da duk abubuwan nan huɗu sun dace, akwai sauran tambaya. In saniya ta rame, ba a fara sayen allura sai an san ciwo ne ko yunwa. Nauyin kwamfuta yana da dalilai da yawa, kuma a kwamfutocin gwanjo rashin katin hoto ba shi ne kan gaba ba.

Ga yadda yaronka zai gane da kansa, ba tare da ya biya kowa ba. Ya buɗe aikin bidiyon da yake ba shi wahala, yana cikin yi sai ya danna maɓallai uku tare, Ctrl da Shift da Esc. Wani shafi zai fito, ya shiga inda aka rubuta Performance. Zai ga ma'auni huɗu: CPU, wato furosesa, Memory, wato RAM, Disk, wato faifan ajiya, da GPU, wato sashen hoto. Wanda ya ga ya cika ya tsaya a 100 ko kusa da haka alhali sauran suna hutawa, to shi ne mai riƙe da tafiyar.

In RAM ce ta cika, da ma yawancin na gwanjo da gigabait 4 ko 8 suke zuwa, aikin bidiyo kuwa ya fi jin daɗin 16. Ƙara ta bai kai kuɗin kati ba, sai dai ita ma iri-iri ce, DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, don tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba. A zare ta ciki a tafi da ita kasuwa a gwada. In faifai ne ya cika, to a sauya tsohon faifai mai juyawa da wanda ake kira SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Wannan sauyi shi ya fi kowanne nuna kansa a tsohuwar kwamfuta, tun daga kunnawa za a ga bambanci. In furosesa ce ta cika, kati zai ɗan rage mata kaya a wasu manhajojin haɗa bidiyo, amma ba zai mai da tsohuwa yarinya ba.

Kada kuma a manta da ƙura da zafi. A nan ƙasar Sakkwato zafin bazara yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankoki, balle shagon da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega inda manyan motoci ke wucewa dare da rana. Furosesa in ta ji zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sau da yawa in aka hure ƙurar aka sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, sai ka ga kwamfuta ta farfaɗo.

In ya tabbata kati ake bukata

To a nemi mai gajeren ƙarfe, wanda ramin kaɗai ya ishe shi wuta. Akwai GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne wat 75, akwai RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024, wat 70. Dukkansu ana yin su da dogon ƙarfe ana kuma yin su da gajere, saboda haka sai an faɗa wa mai shago na siririyar kwamfuta ake so. Su ma in fawa fak ɗin mai wat 180 ne, an matse shi da yawa, daga 240 zuwa sama ya fi kwanciyar hankali.

Akwai wasu biyu da za a iya miƙo masa don suna shiga siririya cikin sauƙi, GT 1030 mai wat 30 da RX 6400 mai wat 53. Ga mai haɗa bidiyo ba su dace ba, domin an cire musu sashen da ke dunƙule bidiyo in an gama haɗawa, wanda kuwa shi ne aikin da yake kai yaronka magariba. Shi kuma GT 710 da ya cika kasuwa saboda arha, sau da yawa bai fi abin da ke cikin furosesar ba. Araha ba ta ado.

In kuwa sana'ar bidiyon ta kankama har tana kawo ciniki kowane mako, shawara mafi kyau ita ce a bar siririyar nan tana aikin takardu da hoton fasfo, yaro ya tara daga ribar shago ya sayi doguwa mai babban fawa fak. A cikinta ne irin su RX 580 suke da mazauni.

Hattara da jabu

Ko a Sakkwato za a saya, ko a titin Beirut da ke Kano, ko a aika kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko, a san cewa akwai jabun katuna a duniya. Akan ɗauki tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya masa riga, a sauya sunan da yake nunawa, a sayar da shi a matsayin GTX 1050 Ti. Alama mai sauƙi ita ce, in ka ga an rubuta GTX 1050 Ti amma ga shuɗin bakin VGA a goshinsa, ajiye shi ka yi gaba. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z, wadda tun 2018 take tona asirin irin waɗannan, ta rubuta cewa jabu ne a gaban sunan.

Sa'an nan RX 580 na hannu da suka yi yawa a kasuwa, da dama daga cikinsu sun yi shekaru suna aiki dare da rana a wurin masu haƙar kuɗin intanet. Da tsarin Ethereum ya daina amfani da irin wannan haƙa a Satumban 2022, sai aka juye su kasuwannin duniya. Wani yana da sauran ƙarfi, wani kuwa ya gaji, kuma ido ba ya rabewa.

Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A ɗauki akwatin kwamfutar a sa a mota a tafi da shi shagon, ai bai fi rabin buhu nauyi ba. A soka katin a gaban mai shi, a rufe murfi, a sa direba, a haɗa bidiyo na gaske na rabin awa ana kallo. In hoto yana tsage-tsage, ko kwamfuta ta mutu da kanta, ciniki bai faɗa ba. A kuma rubuta a rasit cewa in ya ba da matsala cikin kwana kaza za a mayar. Ɗan kasuwar kirki ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Lissafin wutar shago

Akwai kuɗin da ba a gani ranar saye. Duk wat ɗin da kati ya ƙara, wani ne zai biya shi, ko a mai ko a batir. Ɗauki batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200. Abin da ke cikinsa wat 2,400 ne na awa guda, kuma irin mai ruwan nan ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 1,200. Kwamfuta da monita masu cin wat 100 za su yi kusan awa 12 a kai. In cinsu ya koma 300, awa 4 ke nan, ban da abin da inbata take ci. Mai ƙaramin janareta ma ya tuna lambar da aka rubuta a jikinsa ta fi abin da yake bayarwa a zahiri, ga kuma injin hoton takarda da ke jan wuta da ƙarfi in ya tashi. Yaro ya yi wannan lissafi ya ga ko kuɗin da yake karɓa a bidiyon biki guda zai ɗauke shi.

Sauran wasiƙu a gurguje

Wani mai sayar da hatsi daga Bodinga ya ce ƙanensa ya sayo kati ya soka, amma monita ta ƙi nuna komai. Malam, kafin ku ce katin ya mutu, ku duba inda wayar monita take. In an sa kati, a bakin katin ake soka ta, can ƙasa, ba a tsohon wurinta na sama ba. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa. In ba shi ba ne, a kashe, a zare wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwati da hannu kafin a taɓa katin, a ciro shi a sake dannawa har ɗan makullin ya ce ƙas. In yana da huji 6 ko 8 a gefensa, a tabbata an soka masa wayarsa.

Wata malamar makaranta daga Dandin Mahe tana tambaya ko za a iya ƙara wa kwamfutar tafi-da-gidanka katin hoto. Malama, a kusan dukkansu sashen hoton a like yake da uwar allo, ba ya ciruwa. Abin da ake iya ƙara wa da yawansu shi ne RAM da SSD. In dai rubuta jarrabawa da lissafin sakamakon ɗalibai ne aikin, ba ki bukatar kati ko kaɗan.

To Baba na Horo Birni, ga saƙon da za ka ba yaronka. Ya kawo maka takarda guda ɗauke da sunan kwamfutar da lambarta, da lambar wat ɗin fawa fak, da awon cikin akwati, da irin bakin monita, da kuma wanne ne ya cika cikin ma'aunan nan huɗu. Kada ka yi masa faɗa, domin yaron da ya zauna bakin sana'arsa yana neman ya inganta ta abin a sa masa albarka ne. In takardar ta nuna RAM ce ko faifai, wataƙila cinikin shagon ma ya isa ya saya. Albasa kuwa ta zauna inda take, a riƙa duba ta ana cire mai ruɓa, har Allah ya kawo kasuwa.

Jama'a, nan za mu dasa aya. Mai tambaya a kan noma ko kiwo ko kasuwanci ko waɗannan na'urori na zamani, ya rubuto mana, ya kuma faɗi garinsu da ƙaramar hukumarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa 'ya'yanmu albarka a sana'o'insu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.